Gaisuwa Ta Yi Arha, Masauki Ya Yi Tsada

Mu dai Allah ya yi mu da ƙafa. Shiga duk gidan da ka ga dama a unguwar nan ka tambayi maigida ina 'yan'uwansa suke, wallahi kafin ya gama lissafi shayinka ya huce. Wansa na Agege yana canji. Ƙanensa na kasuwar Mile 12 a kan buhunan albasa. Akwai gwaggonsu da aka kai aure Maraɗi tun yana goye. Akwai 'ya'yan baffansu a Kumasi, akwai ɗaki guda cur a Sudan da ba wanda ya taɓa sa su a ido, akwai wata inna a Jidda da ta tafi Umara tun zamanin Shagari, har yau ba ta gama ba. Ga kuma yaron da ya tafi karatu Malesiya, kullum bana zai dawo, banar nan ta ƙi zuwa.

In an zauna majalisa sai ka ji ana cewa zamani ne ya tarwatsa mu, wai boko da aikin gwamnati da jirgin sama. Kayya! A daina ɗora wa zamani laifin da bai yi ba. Tarwatsuwar nan gadonta muka yi.

Kakannin kakanninmu da jakuna suka riƙa dosar Gwanja, su kai kanwa da fata da tufafi, su ɗauko goro a kasuwar Salaga, tafiyar wata da watanni. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, ba duka fatake suka nufo gida ba. Wasu suka yi Kumasi, wasu Kete Karachi, wasu Akra, kowa ya kafa zango ya yi aure ya hayayyafa. Malam Umaru na Kete Karachi, wanda har yau malaman Gana ke ji da shi, haifaffen Kano ne, amma can ya rasu a 1934. Alhassan Ɗantata ma sai da ya sha fataucin goro a wannan ƙasa kafin gyaɗa ta san da shi.

Ta gabas kuwa, bayan Turawa sun yi galaba a Burmi a 1903 an kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar har yau Mai Wurno ake ce masa. Ga kuma maniyyatan ƙasa, masu bi ta Barno da Chadi da Darfur. Mutum ya tsaya a gonakin audugar Jazira don ya tara guzurin ƙetare Bahar Maliya, shekara ta zama biyar, biyar ta zama ashirin, har ya aurar da 'ya bai ga Ka'aba ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro da shanu suka koma bin dogo, sai ga Sabo a Ibadan a 1916, ga Shagamu, ga Agege. Kuza ta ja wasu Jos. Wasu kuwa ko nan da can ba su je ba, iyaka ce ta zo ta same su: Bature ya ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Daura da Damagaram, gwaggo tana zaune a ɗakinta ta zama 'yar wata ƙasa. Da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a 1969, gida ɗaya sai ya rabu biyu, rabi suka hau mota, rabi suka lafe a zango.

A wancan lokacin gaisuwa tsada gare ta. Sai ka sami mai tafiya ka ba shi sallahu. Ko ka nemi malami ya rubuta maka da ajami, ko ka saya wa ɗan boko alewa ya zauna yana zana "bayan gaisuwa mai yawa", kana faɗa yana ragewa. A kai tasha a ba direba, takarda ta yi wata tana yawo a gaban mota. Labarin rasuwa kan iso bayan an yi sadakar arba'in, a buɗe sabon kuka. Masu kuɗin kati kuma su aika gidan rediyon Kaduna, a shirin Zaɓi Sonka a jero musu dangi daga Gusau har Garwa.

Sai kaset ya zo. Wanda bai ga ranar da kaset ɗin Makka ke isowa gida ba, an yi babu shi. Alhaji ya dawo da shi a ƙasan akwati, an naɗe da tsumma an rubuta sunan Inna. Bayan sallar isha a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a aiki yaro ya sayo batir, a kore awaki. Murya ta fito daga Jidda tana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, daga maigida har jaririn da aka haifa bayan tafiyarta, wanda aka ambata ya ɗaga murya ya ce "Ina amsawa!" Wadda aka tsallake sunanta kuwa ta tashi ta shige ɗaki, a yi sati ana ba ta baki. Washegari a juya kaset ɗin a ɗauki amsa. Kowa ya matso bakin rediyo ya gyara murya, a mintsini jariri ya yi kuka don a ji shi a Makka, zakara ma ya sa baki. Isar amsar nan kuwa sai wani Hajjin.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, muka koyi fulashin, muka koyi "kira ni ba ni da kati", muka riƙa raba dare muna kiran kyauta har asuba. Yau ga mu a WhatsApp.

Kowane gida yanzu da guruf ɗinsa: Zuri'ar Marigayi Alhaji Wane. Duba lambobin ciki ka sha kallo, ga mai +227, ga +233, ga +237, ga +249, ga +966, duk jikokin mutum ɗaya. Abba ya fi shida, Ummi ta fi biyar, duk sunan marigayi da uwargidansa aka yi ta mayarwa, sai an haɗa da gari ake ganewa: Abban Legas, Ummin Kumasi. Ranar Juma'a tun kafin assalatu furanni sun fara sauka. Akwai kawun da aikinsa turo maganin kowace cuta, yau tafarnuwa gobe zogale. Akwai mai tallan atamfa da turaren wuta. Akwai ɗan siyasar gida da kullum ake roƙonsa ya bari. Akwai kuma waɗanda tun da aka sa su ba su taɓa cewa uffan ba, amma ba abin da ke wuce su. Je gidansu ka ji sharhi.

Saƙon muryar manya kuwa, nemi wuri ka zauna. Minti 11. Na farko sallama, na biyu gajiya da sanyi, sai iyali ɗaya-ɗaya, sai a tsaya a daka wa wani yaro tsawa ya sauko daga katanga, sannan a dawo. Maganar da ta sa aka yi saƙon tana can ƙarshe: an sa ranar wance, anko dubu kaza.

In haihuwa aka sanar, "Allah ya raya" ta yi ta zuba. In rasuwa ce, "Allah ya jiƙan rai" har ka gaji da ja, rabin masu rubutawa ba su san wa ya rasu ba, na sama suka kwafa. Akan ma sami mai gaggawa ya manna "Allah ya sanya alheri" a ƙarƙashin sanarwar jana'iza, ya goge bayan kowa ya gani. Da Sallah taubasan Maraɗi su ishe mu da tsiya in sun riga mu ganin wata, mu ce ai ku dama watanku a aljihu yake. Da cika-ciki a biyo bashin kuɗin shara, wanda a da takawa ake yi a karɓo, yanzu lambar asusu ake turowa. In aka zo karo-karo kuma lissafi ya rikice: na Damagaram ya yi alkawarin jaka goma yana nufin sefa 10,000, na Kano ya ce shi ma a rubuta masa jaka goma, naira 2,000 ke nan, ya kashe data.

Amma a ce an kwantar da Baffa a asibiti ana neman kuɗin aiki. Tsit! Guruf mai mutum ɗari da wani abu, ko tari ba ka ji. Kowa ya gani, alama ta nuna ya gani. Bayan kwana biyu wani ya turo furen Juma'a, shi ke nan an wuce wurin. Kuma kada ka ɗauka guruf ɗin ɗaya ne. Akwai na mata, akwai na 'yan ɗaki ɗaya, akwai wanda aka buɗe musamman don a tattauna abin da aka faɗa a babban.

Inda asirinmu ke tonuwa shi ne wurin zaman makoki, don nan ne kaɗai muke cika. Saurayi ya faka mota ya zo ya durƙusa gaban dattijo. Dattijo ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

"Ka gane ni kuwa?"

"Na gane, Baba."

"To wane ne ni?"

Yaro ya hau murmushi yana sosa ƙeya.

"Ja'iri! Ni na yi maka huɗuba. Ni da ubanka nono ɗaya muka sha."

Kuma fa kullum suna tare a guruf, yaron ne ma ke fara sa "Amin" in tsohon ya turo addu'a. 'Ya'yanmu sukan ga hoton jaririn Kumasi kafin a yi masa wankan farko, amma tambaye su yaya suke da mai jegon, sai su ce ai Anti ce.

Mutanen da can ba gaisuwa ce ta riƙe su ba, don ba su same ta da yawa ba. Abu uku suka riƙe, kuma duka ukun mutum ake ɗauka ɗungurungum a kai wani gida.

Akwai masauki. Ba a gina gida ba zaure, ba a rasa shagon baƙi. Ɗan'uwa ya sauka daga mota da ƙullin kayansa ba tare da ya aiko ba, a kawo ruwa, a ƙara tuwo, ba mai tambayarsa yaushe zai koma, don tambayar ma abin kunya ce. A zangon Kumasi ko unguwar Sabo ta Ibadan, maigida shi ne masauki, shi ne dillali, shi ne mai tsaya maka in rigima ta same ka. Wanda ya yi wata uku a shagonka kuwa, ba sai an gabatar da shi ga 'ya'yanka ba.

Akwai riƙo. Yaro ya isa yaye a kai shi wurin kaka, wani daga nan bai dawo ba. Ɗan fari dama na kakanni ne, uwa ko sunansa ba ta faɗa. Gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba a ba ta 'ya, amarya za ta garin nesa a haɗa ta da 'yar zaman ɗaki. Yaron da ya tashi a gidan kawunsa a Damagaram gida biyu gare shi har ya mutu, 'ya'yansa ma haka.

Sai auren zumunci. In ɗa ya daɗe a Gwanja aka ga yana neman ɓacewa, a ɗaura masa aure da 'yar baffansa a kai masa ita, don jikoki su san hanyar gida.

Yau duka ukun mun sake su, kuma a faɗi gaskiya ba duka ne don rowa ba. Auren zumunci in ya yi daɗi ya yi, in ya ɓaci kuwa har kakanni sai sun daina gaisawa. Ga likitoci sun buɗe mana ido a kan sikila: in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai cutar, a Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure. Riƙo kuma mun ga inda 'yar riƙo ta koma baiwa, 'ya'yan gida na makaranta ita tana talla. Ba mai hankalin da zai ce a koma wa wannan.

Masauki fa? Nan ne bakinmu ya mutu. Gaskiya ne ciki da falo na haya ba ya ɗaukar baƙon wata uku, gaskiya ne kwanon shinkafa ya wuce wasa. Amma har wanda ya ɗora bene, zaure bai samu shiga zanen ba. Get ne da maigadi, da "ka kira kafin ka zo". Ɗan'uwa ya taso tun daga Garwa, a kama masa ɗaki a otal, a aika masa abinci a kula, a ce an karrama shi. Ya koma bai san sunan yaro ko ɗaya ba.

Hanya ma ta ƙi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sai mutum ya zauna ya ware bikin da zai je da wanda alat zai wakilce shi. Mai bi ta Birnin Gwari, ko daga Funtuwa zuwa Gusau, bakinsa ba ya rabuwa da addu'a har ya sauka. An rufe iyaka a 2019 sai ƙarshen 2020 aka fara buɗewa, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023, mai zuwa suna Maraɗi daga Jibiya ya koma bin ɓarauniyar hanya a kan babur. 'Yan'uwanmu na Sudan kuwa tun Afrilun 2023 yaƙi ya sake watsa su, wata lambar in ka kira ba ta shiga, ba ka sani ba ko wayar ce ta ɓata ko mai ita. Da aka katse layukan waya a Zamfara a 2021, aka koma tasha ana ba direba saƙo, nan aka gane wanda ya san ƙofar gidan ɗan'uwansa da wanda lamba kawai ya riƙe.

Sai maganar da ba a so a taɓo. Wanda Allah ya buɗa wa a dangi yana ƙorafin duk gaisuwar da ta zo masa da wutsiya take zuwa: "Yaya ina wuni, ya iyali," kafin ya amsa buƙata ta biyo. Marar shi kuma yana cewa ni fa gaisuwa kawai na kira, ya ƙi ɗagawa don yana zaton roƙo ne. Kowannensu da gaskiyarsa, ba banza aka ce ɗan'uwa rigar ƙaya ba. Mata kuma da littafinsu na biki: wance ta kawo kaza ranar sunan wane, in nata ya zo a ninka mata. Wadda ba ta zo naki ba, ba kya zuwa nata. Malamai sun gaji da gaya mana cewa wannan ramuwa ce, mai sada zumunci shi ne mai zuwa wa wanda ya yanke shi. Mu ce "Allahu Akbar, haka ne", mu koma gida mu buɗe littafi.

To da me muke tsaye har yanzu? Da Gwaggo. Kowane dangi da irin tasu, wani wurin Inna ce, wani wurin Hajiya Babba, jefi-jefi a sami namiji. Ita ba ta kira kafin ta zo. Sai dai ka ji sallama, ga ta da jakar bakko: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu a gorar ruwa, ƙuli-ƙulin yara. Maigadi bai isa ya tsayar da ita ba. Ta yi zaman jego a Legas, ta yi zaman makoki a Damagaram, ta raka amarya Kumasi har ƙafa ta kumbura a mota. Mu yi ta yi mata tsiya, uwar yawo, ba ta zama, ita ko a jikinta.

Zauna kusa da ita a gidan biki ka nuna mata duk wadda ka ga dama. "Waccan? Ai uwarta da ubanka 'ya'yan wa da ƙane ne. Kakarta ce aka kai aure Gwanja, ta dawo da goyon uwarta shekarar da aka koro mutane." Ta san wanda ya sha nonon wa, don haka ta san auren da ba zai yiwu ba. Ta san waɗanda ba sa ga-maciji, ta san mafarin abin, ta san wanda in aka tura za a ji maganarsa. In ta ji an kwantar da Baffa ba ta rubuta komai. Mota take shiga, ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti, daga nan ta kira masu hali na dangi ɗaya-ɗaya da sunan da uwarsu ke kiransu. Kuɗin da guruf ya kasa tarawa a sati, ta haɗa shi kafin la'asar.

Duk wannan a kanta yake, ba a rubuce ba. Mun kuwa ga gidajen da tasu ta rasu. Kafin a ankara an koma "dangin Kumasi" da "mutanen Maraɗi", ana gaisawa sama-sama.

Wasu gidajen sun farga, sun kafa taron zumunci na shekara-shekara, galibi kwana biyu ko uku bayan Sallah. A kafa rumfa, a zaɓi shugaba da ma'aji, a buga kalanda mai jerin zuri'a, kowane ɗaki ya miƙe a gabatar da shi. Wani taron yakan mutu ranar da aka taɓo maganar gidan gado. Amma inda ya ɗore, asusunsa ya biya wa marayu kuɗin makaranta, ya fito da mutum daga asibiti. Abin a yaba ne. Sai dai wuni ɗaya ne a shekara, kowa cikin shadda, kowa da fara'ar baƙunta. Ba a sanin mutum a ƙarƙashin rumfa. Sai an kwana gida ɗaya, an yi faɗa a kan bokitin wanka, an ci ɗumame a kwano ɗaya.

Saboda haka in dogon hutu ya zo, mai 'ya'ya ya ɗauki ɗaya ya tura gidan baffansa ko kawunsa ko na sati biyu ne, shi ma ya buɗe ƙofa ya karɓi na wani. Mai gini ya bar ɗaki ɗaya da ba na kowa ba. In Gwaggo za ta yi tafiya a biya kuɗin motar mutum biyu, a haɗa ta da jika mai wayo ya riƙe mata jaka, ya ga ƙofofin da take shiga. Wayar nan kuma da muke tura furanni da ita, a ajiye ta gaban tsohuwa, a ce ta faro daga kakan kaka, a ɗauka tun tana da ƙarfin faɗa.

Amma don Allah kada wani ya kai shawarar nan guruf. "Masha Allah" za ta sha da hoton babban yatsa, a wuce. A gaya wa Gwaggo kawai. Sai dai a tabbata kuɗin motar na hannu, don kafin ka rufe baki ta aiki yaro ya ɗauko mata mayafi.